Kafin a ba mai hoton biki kuɗin kafin alƙalami

A lissafin biki a Kaduna mai hoto yakan zo ne a can ƙasan takarda, bayan kayan ɗaki da lefe da kuɗin hol da mai abinci da mai kwalliya da anko. Sai biki ya rage sati biyu ake tunawa da shi. Wata ƙawar amarya ta turo lambar wani da ta ga aikinsa a Instagram, a kira shi, a yi ciniki a waya, a tura masa rabin kuɗi, shi ke nan an gama. Abin da ba a lura da shi ba, cikin duk masu hidimar biki shi kaɗai ne ba a ganin aikinsa sai an watse. In abinci bai isa ba a ranar za a sani, a aika a ƙaro. In hoto ya lalace kuwa sai bayan wata guda a gane, lokacin amarya ta tare, gwaggonni da kawunnan da suka zo daga Katsina da Maiduguri sun koma gida, kuma ba limamin da zai sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara aikinsa.

Saboda haka ba a zaɓen mai hoton biki da shafinsa na Instagram. Abin da yake sakawa a can zaɓaɓɓu ne, goma ko ashirin daga cikin dubbai, kuma in kun duba da kyau kusan duk iri ɗaya ne: ango da amarya su biyu, a fili, da yamma bayan La'asar, an tsayar da su an gyara musu tsayuwa. A irin wannan haske ko mai waya zai fitar da abin kallo. Biki kuwa ba a wannan haske ake yin sa ba. Ana ɗaura aure da tsakar rana cikin cunkoso, ana kamu a tsakar gida ko a falo mai kwan fitila ɗaya, ana dina da dare ƙarƙashin fitilu masu launin shuɗi da ja. Abin da za ku nema shi ne ya nuna muku biki guda cikakke, daga hoton farko zuwa na ƙarshe, duk abin da ya miƙa wa masu bikin. In da hali bukukuwa biyu, ɗaya lallai ya kasance akwai taron dare a cikinsa. Ku je shagonsa ku kalla a kwamfutarsa, ba a fuskar waya ba. Zuwan ma da kansa amfani ne, domin kun san inda za ku same shi in magana ta taso, kuma wanda ya kwashi hotunan wasu ya cika shafinsa da su ba zai iya buɗe muku asalinsu ba.

Idan an buɗe, ga inda za a sa ido. A ja hoto a ƙara girmansa a kan idon mutum. In ƙwayar ido da gashin ido sun fito tar, hoton ya kamu. In ido ya yi dishi-dishi amma kunne ko labulen baya ya fito sosai, kyamara ta kama wurin da bai dace ba, kuma babu gyaran da zai dawo da shi. Hoto ɗaya ko biyu haka ba komai, amma in a hotunan dare kashi ɗaya cikin uku haka suke, ku nemi wani. Sai a duba farar shadda. Babbar rigar ango fara ce galibi, fuskar kuma duhu gare ta, kuma nan ake gane gwani. Wanda bai iya ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya haska fuska rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin wuya da aka kashe wa kuɗi ya ɓace, ko ya kare riga fuskar ta dushe. Gwani zai fitar da zaren aikin rigar da fuskar duka. A duba hoton taron dangi, a ga ko na layin baya sun fito kamar na gaba, ko an yanke wa na gefe kafaɗa. Sannan a duba ko akwai hotunan da ba a shirya ba, kamar uwar amarya tana share hawaye da gefen mayafi, ko waliyyi yana miƙa hannu a karɓi sadaki. Bikin da duk hotunansa na tsayuwa ne ana kallon kyamara, mai hoton bai san inda zai tsaya ba.

Maganar launin fata tana buƙatar a tsaya a kanta, don nan aka fi ɓata hotunan amare a garin nan. An saba yanzu a goge fuska a kwamfuta har ta koma sumul babu ko ɗigon gashi, a ƙara mata haske har amarya baƙa ta koma fara sol. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a gwada fuska da wuya da bayan hannu. In launinsu ya sha bamban, an wuce gona da iri. A ganina wannan lalata hoto ne, domin nan da shekara goma 'ya'yanta za su buɗe albam su ga wata mata da ba su sani ba. Amma ra'ayi riga ne. Akwai amaren da haka suke so, kuma kuɗinsu ne. Abin da ya zama dole shi ne a faɗa tun farko, a nuna wa mai hoto misali daga cikin aikinsa a ce irin wannan muke so, ba irin wancan ba. Gyaran da ya wuce kima yakan cinye har zanen lalle, jan ya koma ruwan lemo, siraran layukan baƙin su narke. Mai lalle ta yi awa uku ko huɗu a kan hannu da ƙafa, ya kamata aikinta ya fito yadda yake.

Tambaya ta gaba, wadda mutane ke jin nauyin yi: wa zai zo ranar? Shagunan da suka yi suna sukan karɓi biki uku ko huɗu a Asabar ɗaya, musamman a watan Sha'aban kafin azumi, da bayan ƙaramar Sallah, da Disamba. Maigidan ba zai raba kansa ba, yaransa zai tura. Ba laifi ba ne, wani yaron ma ya fi maigidansa hannu. Laifin shi ne ku biya kuɗin aikin da kuka gani, a turo muku wanda ba shi ya yi shi ba. Ku nemi sunan wanda zai zo, ku ga bikin da shi da kansa ya ɗauka, a rubuta sunan a takarda. A waɗannan watanni kuma a kama mai hoto da zarar an sa rana, wata biyu ko uku kafin biki, don nagarin su ake fara kwashewa.

Kowane taro da irin wahalarsa

Ɗaurin aure shi ne mafi gajarta kuma mafi wuyar kamawa. Daga neman aure zuwa shafa fatiha da wuya ya wuce minti goma. A manyan masallatai irin na Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, ranar Juma'a ko Asabar akan ɗaura aure da yawa a jere, ɗaya na bin ɗaya. Mai hoton da bai san fuskar waliyyin amarya da wakilin ango ba zai iya ɓata lokacinsa a kan auren wasu, naku ya wuce yana canza batir. Don haka a tura masa hotunan mutanen nan biyu da na iyaye maza tun kwana ɗaya kafin ranar, ya iso aƙalla minti arba'in da biyar kafin lokaci, kuma a tambayi limami ko kwamitin masallaci ko an yarda da ɗaukar hoto a ciki, don ba kowane masallaci ne ya yarda ba. Bayan an fito sai a haɗu da rana. Ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana hasken daga sama yake saukowa, ya bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, kowa yana ƙanƙance ido. Maganinsa inuwar bango ko baranda. Inuwar bishiya takan yaudari mutum, domin hasken da ke ratsowa ta ganye yana barin tabo-tabo a fuska da riga. Rumfar haya mai launi ita ma haka: jar rumfa tana mayar da farar shadda ruwan hoda, shuɗiya ta sa fuskoki su yi toka. In za a kafa rumfa inda ango zai tsaya gaisawa da jama'a, a nemi fara.

A daidai lokacin da ake wannan, amarya tana gida ana shirya ta. Mutum ɗaya ba zai kasance a masallaci a Unguwar Sarki kuma ya kasance a gidan amarya a Rigasa ko Barnawa ba, balle ranar Juma'a da hanyoyi ke cushewa bayan an taso masallaci. In ana son ɓangarorin biyu, masu hoto biyu ake buƙata, a kuma biya kuɗin biyu. Wanda ya ce muku zai haɗa duka shi kaɗai da babur ɗinsa, ɗaya zai rasa.

Kamu da sa lalle da yinin biki sha'anin mata ne, yawanci a cikin gida. A nan gara a ɗauki mace. Akwai mata masu wannan sana'a a Kaduna, wasu da kansu suke aiki, wasu a ƙarƙashin shaguna. Ba maganar addini da kunya kaɗai ba ce, har hoton ma ya fi kyau, domin da namiji ya shigo da kyamara kowa za ta jawo mayafi ta kame, guɗa da raha su ragu. In namiji ne dole, a yanke masa iyaka tun farko: inda zai tsaya, ɗakin da ba zai shiga ba, lokacin da za a yi masa sallama ya shigo. Ɗakunan gidajenmu kuma ƙanana ne, sai mai hoto ya ɗora wa kyamara gilashi mai faɗi don ya kwashi kowa. In faɗin ya yi yawa, wato lambar da ke jikin gilashin ta yi ƙasa da milimita 24, waɗanda ke gefe sai su baje, fuska ta karkace. Gilashin 35 ya fi dacewa da ɗaki, a raba mutane kashi biyu maimakon a cusa su a hoto ɗaya.

Kwalliya ita ke cinye lokacin hoto. Tsakanin gyaran fuska da ɗaurin kallabi da sa kaya, awa biyu ba ta cika isa ba, kuma hoton amarya ita kaɗai, da na hannu da sarƙa da takalmi, yana son minti talatin zuwa arba'in da biyar ba tare da ana buga ƙofa ana cewa motoci sun zo ba. In ana son hoton waje da hasken yamma, a tuna cewa a Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa a Kaduna wajen ƙarfe 6 da 'yan mintuna, a Yuni da Yuli kuma kusan ƙarfe 7. Hasken mai kyau awa ɗaya ce kafin nan. Amaryar da aka gama wa kwalliya ana kiran Magariba ta rasa shi. A haɗa mai kwalliya da mai hoto su yi magana tun kafin ranar, a ƙirga lokaci daga faɗuwar rana a koma baya.

Dina ita ce jarrabawar kayan aiki. Masu ado suna rufe silin da yadi, su cika hol da fitilu masu launi, wani lokaci ga babban allon bidiyo a bayan kujerar ango da amarya. Mai hoton da ya zo da fitila ɗaya a saman kyamara zai harba ta kai tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli, hoda ta yi fari fat, baya ya yi baƙi ƙirin kamar ba kowa a hol ɗin. A ɗaki mai farin silin akan harba fitila sama hasken ya dawo a tausashe, amma a hol mai tsawon rufi ko wanda aka lulluɓe da yadi mai launi wannan dabara ba ta aiki. Dole ya zo da fitilu biyu aƙalla a kan sanduna, da lema ko akwatin tausasa haske, ya kafa su kafin baƙi su cika. Hayaƙin da ake saki lokacin shigowar amarya shi ma tarko ne: fitilar saman kyamara tana dukan hayaƙin ta dawo, hoton ya zama farin hazo. Sai haske ya zo daga gefe ko daga baya hayaƙin ke yin kyau. Akwai kuma layuka masu duhu da kan ratsa hoto a kwance. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun zamani da alluna suna ƙiftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa, musamman in an sa ta ɗauka shiru babu ƙara. Wanda ya san aiki zai gwada tun da ya shigo, ya daidaita saurin kyamararsa da wutar, ya sake gwadawa in an koma janareta. Ku tambaye shi ko ya taɓa aiki a hol ɗin da kuka kama. In bai taɓa ba, ya je ya gani kafin ranar.

Bidiyo aiki ne daban da mutum daban. Mai riƙe da kyamara ɗaya yana juyawa tsakanin hoto da bidiyo, a lokacin yanka kek ko ɗaga mayafi dole ya zaɓi ɗaya. In daga wurare biyu aka ɗauko su, a haɗa su su san juna, don fitilar mai bidiyo da tsayuwarsa a gaban kujera suna iya ɓata rabin hotunan.

Kayan da ke cikin jakarsa

Ba sai kun san kyamara ba kafin ku yi tambayoyi huɗu. Kyamara nawa zai zo da ita? Amsar ita ce biyu, domin kyamara na iya tsayawa ko ta faɗi a cikin turereniya. Kyamarar tana ɗaukar katin memori biyu a lokaci guda? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Kati yana mutuwa ba tare da gargaɗi ba, kuma labarin "memori ya ƙone" shi ne mafi yawan abin da ake gaya wa masu biki in hotuna sun salwanta. Kyamarori irin Canon 5D Mark IV da R6, da Sony A7 III, da Nikon D750 suna da ramin kati biyu, ana iya sa su rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Samun ramin bai isa ba, sai an kunna wannan tsarin, don haka ku ce ya nuna muku. Batir nawa yake da shi? Uku ko huɗu ga kowace kyamara, cike tun daga gida, ba wanda zai riƙa neman soket a gidan biki ba. Ta huɗu, da RAW yake ɗauka? Wannan shi ne ɗanyen hoto mai nauyi, wanda ake iya ceto rigar da ta yi haske da yawa ko a cire launin fitila daga fuska a cikinsa. Wanda ke ɗauka da JPEG, wato matsattsen hoto marar nauyi, kawai don katinsa ya daɗe bai cika ba, abin da ya lalace ya lalace.

Yanayin gari ma yana shiga lissafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga kyamara duk lokacin da aka cire gilashi a fili, sai a ga ɗigo baƙi a wuri guda a kowane hoto, ya fi fitowa a kan sararin sama da farin bango. Wannan ma wani dalili ne na kyamara biyu, kowace da gilashinta, ba a buɗewa a waje. Hazon kansa ba abokin gaba ba ne, yana tausasa rana. Da damina kuwa, musamman Yuli zuwa Satumba, duk wani shirin hoto a fili, ko a Ƙofar Gamji ne a bakin kogi ko a harabar hol, sai an tanadi wuri mai rufi da za a koma in hadari ya taso.

Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ya zama abin yayi, amma a Kaduna a yi hattara da shi. Tashinsa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma garin cike yake da wuraren soja: hedikwatar runduna ta ɗaya a Kawo, sansanin sojan sama a wajen Mando, makarantar horar da hafsoshi a Afaka, ga filin jirgi. In gidan biki yana wannan yanki, a haƙura da shi. Ba ya ƙara wa albam wani abin kirki in ban da hoton rufin kwano da motoci.

Abin da za a rubuta

Ciniki a baki shi ke kawo rigima. Ko takarda ɗaya ce a rubuta, kowa ya sa hannu, ko aƙalla a tura a saƙo ɗaya ya amsa da cewa ya yarda. A jera tarukan ɗaya bayan ɗaya da rana da wuri da lokacin farawa da na tashi, don "zan ɗauki bikin gaba ɗaya" a wurinku har da kai amarya da buɗar kai, a wurinsa ɗaurin aure da dina ne kawai. A rubuta kuɗin kowace awa da aka ƙara, tunda dinar da aka sa ƙarfe 7 ba ta cika farawa kafin 9 ba. In za a kai amarya Zariya ko Kano, a fayyace wa zai biya mota da masauki. A rubuta adadin hotunan da za a gyara a miƙa. A yini guda mai hoto yakan danna sau dubu ko fiye, amma bayan an zubar da masu rufaffen ido da maimaici, ɗari uku zuwa ɗari biyar ne ke saura, kuma daga ciki waɗanda za a zauna a yi wa gyara na musamman ba su cika wuce hamsin ba. A bambanta waɗannan biyun a rubuce. Sannan ranar miƙawa, da kwanan wata, ba "in sha Allahu nan ba da daɗewa ba". 'Yan kaɗan na sakawa a waya cikin kwana biyu ko uku, sauran cikin sati uku zuwa shida, albam bayan an zaɓa.

Akwai abu biyu da ake mantawa. Na farko ɗage biki. Rasuwa ko rashin lafiya ko jinkirin kayan ɗaki na sa a ɗaga rana, kuma hakan ba baƙon abu ba ne. A rubuta ko kuɗin da aka bayar zai bi sabuwar ranar, da abin da za a mayar in ranar ta ci karo da wani aikinsa. Na biyu, in shi ne ya kasa zuwa, wa zai maye gurbinsa.

Kuɗi kuma kada a biya duka kafin aiki. A raba uku: kafin alƙalami don a riƙe ranar, kashi na biyu ranar biki, na ƙarshe sai hotuna da albam sun zo hannu. Wanda aka biya duka ya tafi bikin mako mai zuwa, naku ya koma ƙasan layi. A tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa ko na shagonsa, a ajiye rasit. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, akwai abin da aka cire, galibi mutum na biyu ne ko fitilu ko lokacin zama gyara.

Wa zai ga hotunan

A wurinmu wannan ya kai ingancin hoton muhimmanci. Sau da yawa kafin ango ya ga hoton matarsa ya riga ya zaga shafukan bukukuwan Arewa, mutanen da ba su san ta ba suna tafka sharhi a kan kwalliyarta. Mai hoto yana son talla, wannan ba abin mamaki ba ne, amma ba shi da ikon yin hakan in ba ku yarda ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, amma ta ba wanda ya sa aka ɗauka don sha'anin gida damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, da ikon hana a wallafa shi ko a baza shi ga jama'a, sai dai in an yi wata yarjejeniya daban. Don haka a karanta takardar da shago ya miƙo kafin a sa hannu, domin wasu sukan saka layin da ke ba su izinin talla. In ba ku so, a soke layin. In kun yarda da wasu, a ce sai waɗanda kuka zaɓa da kanku, kuma ban da na cikin gida. A ja kunnen mai kwalliya da mai ɗinki da mai ado su ma, don ta wurinsu hotuna suka fi fita.

Hoton liƙi ma a yi tunani kafin a sake shi. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da mutane a kotu bisa bidiyon da aka gani a intanet. Baƙon da ya zo ya taya ku murna bai kamata ya tsinci kansa a shafin mai hoto yana watsa kuɗi ba.

Ranar bikin, a ba mai hoto mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san dangi, ƙanwar uwa ko yayar ango, mai muryar da za a saurara. Shi bai san wace ce kaka ba, bai san matar da ta yi renon amarya ba, kuma irin waɗannan ba sa turereniya, suna zaune a gefe har a tashi. A rubuta rukunin hotunan dangi, kada su wuce goma sha biyar, kowane yana cin minti uku zuwa huɗu kafin a tattaro mutane. A fara da tsofaffi don su samu su tafi. Mai gabatarwa ya roƙi jama'a su sauke wayoyi lokacin shigowar amarya, in ba haka ba bayan kawunan ƙawaye da hasken wayoyinsu ne za su cika hoton. Masu hoton nan-take da ke shigowa ba gayyata su wanke su baza a bakin ƙofa, a yanke shawara a kansu tun farko a gaya wa masu gadi. Kuma a ajiye wa mai hoto da yaransa abinci da ruwa, mutumin da ya yi awa takwas a tsaye da yunwa hannunsa rawa yake yi.

Idan hotuna sun fito, kada a karɓe su ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar takan matse su zuwa kusan fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 1,600 a tsawo, wanda bai wuce a wanke ƙaramin hoto na inci 4 da 6 ba. Hoton inci 8 da 12 mai kyau yana son fiksel 2,400 da 3,600, na bango kuma fiye da haka. A karɓa a filas ko ta Google Drive, ko a turo su a matsayin fayil ta inda ake tura takardu. Hotuna ɗari huɗu masu cikakken nauyi za su kai gigabait huɗu ko kusa, in aka ba ku babban fayil ɗin biki duka bai kai rabin gigabait ba, matsattsu aka ba ku. A buɗe su a kwamfuta a gaban mai hoton kafin a cika kuɗi, don akwai filas na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi hotuna su ƙi buɗewa. A kwafe a wuri biyu ban da filas ɗin, ɗaya a intanet, a kuma tambaye shi wata nawa yake ajiye nasa kwafin kafin ya goge.

Albam yawanci masu biki ne ke jinkirta shi, a ba su hotuna su zaɓa su yi wata shida ba su zauna ba. A zauna cikin sati biyu, mutum biyu kawai, ba dangi duka ba. Albam mai buɗi ashirin, ko inci 12 da 24 ne ko 12 da 36, hoto tamanin zuwa ɗari ya ishe shi, in an cusa fiye da haka fuskoki su ƙanƙance. A ce ya turo tsarin shafukan a gani kafin a kai wurin bugawa, a duba rubutun sunaye da kwanan wata, a tabbatar fuskar kowa ba ta faɗa a tsakiyar naɗin shafi ba, a ƙirga dangin ango da na amarya kada wani ɓangare ya rinjayi wani. Bayan an karɓa a ajiye shi a saman kabad inda iska ke shiga, ba a ƙasan akwati a jikin bango ba, domin danshin damina yana manne shafuka, in aka ja su rabu da fentin hoton.